JAN ƘARFE A CIKIN ABINCINMU: KAƊAN JIKI YAKE NEMA, AMMA BA YA YI SAI DA SHI

Jawabin kwamitin lafiya ga dattawa da 'yan ikilisiya

Abin da muka kawo yau zai ba waɗansunmu mamaki, gama a kan jan ƙarfe za mu yi magana, wato wannan ƙarfe da muke gani a cikin wayar lantarki, wanda maƙera suke haɗawa da waɗansu ƙarafa su yi tagulla.

Jan ƙarfe ba baƙo ba ne a ƙasashenmu. A shekarar 1353 matafiyin nan Ibn Battuta ya sauka a Takedda, a yankin Agadas na Nijar ta yau, ya kuwa rubuta cewa ya ga ana narka jan ƙarfe ana yin sanduna, ana cinikin nama da gero da su. Ko kalmar kwabo da muke faɗa kullum, daga sunan jan ƙarfe na Turanci ta fito. Abin da yawancinmu ba mu sani ba shi ne, kowane ɗayanmu da yake zaune a nan yana ɗauke da jan ƙarfe a cikin jikinsa, kuma in babu shi jini ba zai ginu ba.

Maganarmu guda ɗaya ce. Jiki yana bukatar jan ƙarfe ɗan kaɗan, abincin gonarmu yana ba da shi, hanta kuma tana lura da ma'auninsa. Yawancin wahalar da ake samu tana zuwa ne sa'ad da muka ɓata wannan ma'auni da hannunmu, ko ta ƙwayoyin da muke saye ba da shawarar likita ba, ko ta tukunyar da muke dafa abinci a ciki.

1. MENE NE AIKINSA A JIKI?

Babban mutum yana da jan ƙarfe tsakanin miligiram 50 zuwa 120 a jikinsa duka. Miligiram ɗaya shi ne giram ɗaya a raba shi gida 1,000. In aka tattara na mutum guda aka auna, bai wuce nauyin ƙwayar shinkafa huɗu ko biyar ba. Duk da haka ga ayyukan da yake yi.

Na farko, yana taimakon ginin jini. Dukanmu mun san ayon, wato sinadarin baƙin ƙarfe da ake ba mata masu ciki a asibiti. Ayon ba ya iya fita daga ma'ajiyarsa a hanji da hanta ya tafi inda ake yin jini sai da taimakon jan ƙarfe. Kamar hatsi ne a rumbu, ga shi nan cike, amma babu mai ɗauko shi zuwa turmi. An gane wannan a shekarar 1928 a Jami'ar Wisconsin ta Amurka. Masu bincike sun ciyar da ɓeraye da madara zalla har jininsu ya ragu. Suka ba su ayon, jinin bai dawo ba, sai da suka ƙara ɗan jan ƙarfe.

Na biyu, yana ƙarfafa ƙashi, da fata, da bangon hanyoyin jini. Na uku, laka da jijiyoyi da ƙwaƙwalwa suna bukatarsa. Na huɗu, yana cikin abin da yake ba gashi da fata launinsu. Na biyar, fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta ba sa wadatuwa in ya yi ƙaranci.

Sa'ad da muka ci abinci, ƙaramin hanji yakan tsotsi jan ƙarfe ya aika wa hanta. Hanta takan raba wa jiki abin da yake bukata, ragowar kuwa ta zuba shi a ruwan maɗaciya ya fita tare da bayan gida. In abinci ya kawo kaɗan, hanji yakan ƙara tsotsa. In ya kawo da yawa, yakan rage. Saboda haka mai lafiya ba ya bukatar ya zauna yana lissafi.

2. NAWA MUKE BUKATA, KUMA INA ZA MU SAMU?

Bisa ga ma'aunin da masana abinci na Amurka suka fitar a shekarar 2001, babban mutum, namiji ko mace, yana bukatar miligiram 0.9 a rana. Wannan bai kai nauyin ƙwayar riɗi ɗaya ba. Mai ciki tana bukatar miligiram 1, mai shayarwa 1.3. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 yana bukatar 0.34, ɗan shekara 4 zuwa 8 kuma 0.44. Iyakar da suka sa wa babba, wadda bai kamata ya riƙa wucewa kullum ba, ita ce miligiram 10.

Abin farin ciki shi ne, abincin da ya fi jan ƙarfe abincin talaka ne. Giram 100 na gyaɗa yana da sama da miligiram 1, wato cikin hannu ɗaya na gyaɗa ya biya kusan kashi ɗaya cikin uku na bukatar yini. Kofi ɗaya na dafaffen wake ya biya kusan rabi. Riɗi ya fi gyaɗa nesa, 'ya'yan kashu ma haka. Waken soya da awarar da ake yi da shi, da agushi, da gurjiya, duka suna da shi. Gero da dawa da masara ma suna da shi, amma mai yawa yana cikin dusa, saboda haka in aka yi surfe mai tsanani, tumaki da kaji ne suke cin ribar.

Hanta ita ce ta fi kowane abinci. Giram 100 na soyayyar hantar saniya ya haura miligiram 10, wato fiye da bukatar kwana 10. Ɗan yanki sau ɗaya a mako ya isa. Mai ciki kuwa ta yi hankali da yawan cin hanta, gama bitamin A da ke cikinta yana da yawa ƙwarai, yawansa kuma yana iya cutar da ɗan da ke ciki.

Abincin da ba shi da jan ƙarfe sosai shi ne madarar shanu, da sukari, da mai, da farar shinkafa, da farar fulawa. Iyalin da ya bar wake da gyaɗa da miyar riɗi ya koma burodi da shayi da taliyar leda safe da yamma, ya rage wa kansa jan ƙarfe tare da sauran abubuwa masu gina jiki, ko da kuɗin cefanensa ya ƙaru.

3. SA'AD DA YA YI ƘARANCI

Ƙarancin jan ƙarfe bai cika samun mai lafiya mai cin abinci iri-iri ba. Amma akwai mutane kashi huɗu da ya kamata mu sa wa ido.

Na farko su ne jarirai, musamman bakwaini. Ɗan da ke ciki yakan tara jan ƙarfe a hantarsa a watanni 3 na ƙarshe, ya yi guzuri da shi bayan haihuwa. Wanda aka haifa kafin lokaci bai gama tara guzurinsa ba. In kuma aka ɗora shi a kan madarar shanu maimakon nonon uwa, abin yakan ƙaru, domin jan ƙarfen nonon uwa ya fi shiga jikin jariri. Wannan yana cikin dalilan da suka sa ake cewa a ba jariri nonon uwa zalla har wata 6.

Na biyu su ne yara masu tamowa da masu doguwar gudawa. A shekarar 1964 likitoci a ƙasar Peru sun ba da rahoton yaran da ake jinyarsu daga tamowa da madara. Yaran suna ƙiba, amma jininsu yana raguwa, ƙasusuwansu suna rauni, sai da aka ƙara musu jan ƙarfe suka daidaita. Shi ya sa abincin gyaɗar nan na cikin leda da ake ba yara masu tamowa a asibitoci, wanda aka yi amfani da shi sosai a yankin Maraɗi lokacin yunwar 2005, an haɗa shi da jan ƙarfe da sauran sinadarai bisa ma'auni. Magani ne na yaron da aka rubuta wa. Kada a raba shi da sauran 'yan gida, kada kuma a kai shi kasuwa.

Na uku su ne waɗanda aka yanke musu wani sashe na tumbi ko na hanji. Alamun sukan ɗauki shekaru kafin su fito, har mutum ya manta da aikin da aka yi masa.

Na huɗu, kuma a nan muke roƙo ku kasa kunne sosai, su ne masu shan ƙwayar zink da yawa na dogon lokaci. Zink ma jiki yana bukatarsa. Amma in ya yi yawa, yakan sa bangon hanji ya kama jan ƙarfe ya riƙe, ya hana shi shiga jini, har ya fita da shi. Iyakar zink ga babba miligiram 40 ce a rana, alhali akwai ƙwayoyi a kemis da guda ɗaya take da 50. A shekarar 2020, lokacin annobar korona, mutane da yawa sun shiga shan zink domin kariya, waɗansu kuwa ba su daina ba. A shekarar 2008 likitoci a Amurka sun ba da rahoton mutum 4 da jijiyoyinsu suka lalace, aka bi sawu aka tarar man liƙa haƙoran roba da suke yawan amfani da shi yana ɗauke da zink, suna haɗiye shi shekara da shekaru.

Bari mu bambanta abu ɗaya a fili domin kada wata uwa ta fita daga nan da kuskure. Zink ɗin da ake ba yaro mai gudawa tare da ruwan gishiri da sukari, na kwana 10 zuwa 14, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara tun 2004, yana ceton rai. A ba yaro, a kuma cika kwanakin. Abin da muke gargaɗi a kai shi ne babba ya yi wata da watanni yana sha ba wanda ya rubuta masa.

Ga alamun ƙaranci: gajiya da ƙarancin jini wanda aka sha ayon bai gyaru ba, yawan kamuwa da cuta, jin ƙafafu da hannuwa sun mutu ko suna tsira kamar allura, tangaɗi wajen tafiya, musamman cikin duhu. Idan aka gane da wuri aka yi magani, jini yakan dawo cikin makonni. Lahanin laka kuwa sau da yawa ba ya warkewa sarai. Domin haka jinkiri yana da tsada.

Akwai kuma wata cuta ta gado da ba a cika gani ba, wadda likita John Menkes ya bayyana a 1962. Yara maza take kamawa. Hanjinsu ba ya iya miƙa jan ƙarfe cikin jini, gashinsu yakan zama fari-fari, a murɗe, mai karyewa, suna farfaɗiya, ba sa girma. Allurar jan ƙarfe tana taimako in an soma ta a makonnin farko na haihuwa.

4. SA'AD DA YA YI YAWA

Abinci kaɗai bai cika kai mai lafiyar hanta ga yawan jan ƙarfe ba. Hanyoyi uku ne suka fi kawo shi.

Hanya ta farko tukunya ce. Duk abu mai tsami yana cin jan ƙarfe da tagulla: nono, kunun tsamiya, zoɓo, koko, lemon tsami, miyar tumatir. In suka daɗe a cikin irin wannan mazubi, ƙarfen yakan narke ya shiga abincin. Koren tsatsan nan da muke gani a jikin tsohuwar tasa alama ce. A ƙasar Indiya an yi wata cutar hanta da ta kashe ƙananan yara da yawa a ƙauyuka. A shekarun 1980 masu bincike a yankin Pune suka nuna cewa ana tafasa wa yaran madarar dabba a tukwanen tagulla marasa shafen kuza, ana kuma ajiye ta a ciki. Da iyalai suka koma tukwanen ƙarfe marar tsatsa, cutar ta ragu har ta kusa ɓacewa. An ga irin wannan a yankin Tirol na ƙasar Ostiriya, inda yara 138 suka mutu tsakanin 1900 da 1974. Masana suna ganin gado ma yana da hannu a ciki, amma canjin tukunya ne ya tsayar da mutuwar. Saboda haka kyawawan tasoshin tagulla irin na Bida da iyayenmu mata suka gada, a yi ado da su, a zuba goro ko dabino, amma kada a dafa ko a ajiye abu mai tsami ko abincin jariri a ciki.

Ruwa ma yana iya ɗauka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar miligiram 2 a kowace lita ta ruwan sha. Masu zama a gidajen da aka ja ruwa da bututun jan ƙarfe, in ruwa ya kwana a bututu, su bar shi ya zuba kaɗan da safe kafin su ɗiba na sha. In ruwa yana ɗanɗanon ƙarfe ko yana barin shuɗin tabo, kada a dama wa jariri abinci da shi.

Hanya ta biyu maganin gona ce. Akwai magungunan feshi masu launin shuɗi ko kore da ake yi da gishirin jan ƙarfe, ana fesa wa tumatir da dankali da koko domin kashe cutar ganye. Wanda ya haɗiye shi zai yi amai mai tsanani, sau da yawa shuɗi ko kore, da ciwon ciki, daga baya jini ya farfashe, hanta da ƙoda su taɓu. A ajiye shi nesa da yara, kada a zuba shi a kwalbar lemo, kada a ɗebi ruwa da mazubinsa. In wani ya sha, a kai shi asibiti nan take tare da kwalin maganin, kada a tsaya ana ba shi manja ko madara a gida. Masu kiwo kuma su sani tumaki ba sa jure jan ƙarfe kamar sauran dabbobi. Abincin kanti da aka haɗa domin aladu yana iya kashe tunkiya.

Hanya ta uku cutar gado ce da ake kira cutar Wilson, da sunan likitan da ya bayyana ta a Ingila a 1912. Mai wannan cuta hantarsa ba ta iya zubar da ragowar jan ƙarfe, sai ya yi ta taruwa tun daga haihuwa, ya cika hanta, ya wuce ƙwaƙwalwa da idanu. Tana kama kimanin mutum 1 cikin 30,000. Gadonta kamar na sikila ne, wanda muka saba gwadawa kafin aure: in uwa da uba duka suna ɗauke da irin, kowane ciki yana da haɗarin 1 cikin 4. Shi ya sa ta fi fitowa inda ake yawan auren zumunci.

Yawanci takan bayyana tsakanin shekara 5 da 35. Wani da shawara da kumburin ciki take fara masa. Wani kuwa rawar hannu, da nauyin baki, da dalalar miyau, da lalacewar rubutu, da canjin hali: yaro mai ladabi ya koma mai faɗa, mai ƙoƙari a makaranta ya koma baya. Iyayenmu dattawa, irin wannan yaro wurinku ake fara kawo shi kafin a kai shi wurin likita. Waɗansu za su ce shaye-shaye ne, waɗansu su ce sammu ne, har a soma zargin maƙwabci ko kishiya. Muna roƙonku, in kuka ga matashi da ciwon hanta tare da rawar jiki ko canjin hali, ku sa iyayensa su kai shi babban asibiti, kamar asibitocin koyarwa na Jos, Zariya ko Kano. Likitan ido yana iya ganin wani zobe mai ruwan ƙasa a gefen baƙin ido, akwai kuma gwajin jini da na fitsari. Gaskiya ne yawancin shawara a wurinmu daga ciwon hanta na ƙwayar cuta, ko zazzaɓin cizon sauro, ko sikila take zuwa, amma gwaji ne kaɗai zai raba.

Cutar Wilson tana da magani. A 1956 likita John Walshe ya soma amfani da ƙwayar da take fitar da jan ƙarfe ta fitsari. Zink ma, wanda muka yi gargaɗi a kansa ɗazu, a nan magani ne, domin yana tare jan ƙarfe a hanji. Wanda aka gane da wuri yana iya yin karatu, ya yi aure, ya tsufa. Amma maganin na dukan rai ne, wanda ya daina yana iya mutuwa. Zai kuma guji hanta, ya rage gyaɗa da kashu da cakulan bisa ga abin da likita ya faɗa. A kuma gwada dukan waɗanda suke uwa ɗaya uba ɗaya da shi, ko da suna da lafiya.

5. MASU TALLA

Muna ganin masu tallan magani a kasuwa da cikin mota da cikin waya suna sayar da warwaron jan ƙarfe, wai yana maganin sanyin ƙashi. A shekarar 2013 Jami'ar York ta Ingila ta gwada wannan a kan masu ciwon gaɓoɓi 70, ba a kuwa ga ya rage zafi ko kumburi ba. Wanda yake so ya sa domin ado, ya sa, amma kada ya bar maganinsa. Haka kuma kada kowa ya sayi ƙwayar jan ƙarfe domin an ce tana ƙara jini ko tana hana furfura. Ko sakamakon gwajin jini ma likita ne zai fassara, gama ciki, da ƙwayar tazarar haihuwa, da zazzaɓi, duka suna ɗaga jan ƙarfen jini ba tare da wata cuta ta jan ƙarfe ba.

ABIN DA ZA MU KAI GIDA

Bari mu tattara. Wake, gyaɗa, riɗi, waken soya da hatsin da ba a surfe shi ƙwarai ba su riƙa shiga tukunyarmu kowane mako. Jariri ya sha nonon uwa zalla wata 6. Abu mai tsami kada ya kwana a tagulla. Maganin feshi ya zauna inda hannun yaro ba ya kaiwa. Duk wanda yake shan zink fiye da 'yan makonni ya ɗauki kwalbar ya nuna wa ma'aikacin lafiya. Wanda ya sha ayon wata 2 ko 3 jininsa bai ƙaru ba, ko ƙafafunsa suna mutuwa, ya koma asibiti ya faɗi dukan abin da yake sha, har da na kemis da na gargajiya.

Muna roƙon shugabannin zumuntar mata su maimaita wannan magana a taronsu, dattawa kuma su kai ta ga waɗanda ba su sami zuwa ba, musamman na ƙauyuka. Duk mai tambaya, ko mai kwalbar magani a gida da bai gane abin da aka rubuta a jikinta ba, ya same mu bayan an tashi, za mu duba tare.